Mai hoto da mai salula: abin da muka gani a Maraɗi, Tibiri da Jiratawa

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, yau kusan kowane saurayi yana da salula mai ɗaukar hoto. Shi ya sa wasu ke cewa aikin mai hoto ba sana'a ba ce, latsawa ce kawai. Mun zagaya Maraɗi da Tibiri da Jiratawa don mu duba maganar nan.

A Maraɗi, masu hoto sun fi zama kusa da kasuwa da bakin ofisoshi, inda ake neman hoton katin ɗan ƙasa da na ƴan makaranta. Hoton kati ƙarami ne, amma yana da doka. Fuska ta fito sarai, ido a buɗe, ba inuwa a baya. In aka kuskure, sai a maido wa mutum takardunsa. Wanda ya taso daga ƙauye ya yi hasarar kuɗin mota da yinin aiki ke nan.

Dattawa suna tune da akwatin hoto mai ƙafa uku. Mai hoto ya rufe kansa da baƙin ƙyalle. Cikin akwatin nan yake wanke takarda da magani, da hannu ɗaya, yana leƙe ta ƴar kafa. Hoton farko yakan fito a juye: baƙi ya zama fari, fari ya zama baƙi. Sai ya sake ɗaukar wannan takarda, sannan fuskar gaskiya ta fito. Daga baya aka samu fim mai hoto 24 ko 36. Ba a ganin abin da aka ɗauka sai an wanke. In na ɗaurin aure ya lalace, ba a sake ɗaura auren.

Daga nan muka nufi Tibiri, garin Sarkin Gobir, wanda Sarki Mayaƙi ya kafa a 1836. Ranar hawan salla ake gane gwani. Doki ba ya jiran kowa. Mai salula yana bin doki a guje, sai ya samu wutsiya da ƙura. Mai sana'a kuwa tun da safe ya zaɓi wurin tsayuwa. Ya san ta inda mahaya za su ɓullo, ya ba rana baya, ya jira lokacin da za a ja linzami a ƙofar fada.

Ga wata wahala da ba kowa ya sani ba. Farar babbar riga tana maido haske da yawa, fuskarmu kuwa tana shanye shi. In aka bar na'ura ta auna da kanta, sai riga ta yi kyau, fuska ta yi duhu ƙarƙashin rawani. Mai hoto na ƙwarai fuska yake aunawa. In rana ta take tsaka, sai ya kai mutum inuwar zaure ko ta bedi. A ganinmu, nan ne rabin sana'ar yake.

A Jiratawa, kudu da birni, akwai fadamar noman rani inda ake ban ruwa, ana noma zogala da kayan miya. Ƙungiyar manoma takan bukaci hoto don ta nuna wa malaman gona tsutsa ko ciwon da ya kama ganye. Hoton gona daga nesa kore ne kawai, ba ya gaya wa malami kome. Sai an matsa kusa, an juya bayan ganye, an aza tsinken ashana a gefe don a ga girman ƙwaron. Haka jar akuyar Maraɗi: da tsakar rana janta yakan kwashe a hoto, da hantsi ko la'asar yake fitowa.

Sana'ar nan ta kai wasu nesa. A Yamai an yi Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki samari da ƴammata na shekarun farkon mulkin kai. Ya rasu a 2014. A Bamako, Seydou Keïta ya buɗe shagonsa a 1948. Malick Sidibé kuwa ɗan Fulani ne, ya yi kiwo yana yaro. A 2007 aka ba shi babbar lambar girma a birnin Benis na Italiya, saboda hotunan bukukuwan unguwa da ya yi shekaru yana ɗauka.

Salula tana da amfaninta, ba mu ce a yar da ita ba. Amma in ta faɗa rijiya ko aka sace ta, hotunan suna da aure sukan tafi tare da ita. Hoton da ba ku son rasawa, ku kai a fitar muku da shi a takarda. Ku sa shi cikin leda, ku aje a akwati, nesa da damshi da gara.