Wa Zai Shiga Fim, Wa Za a Yanke?

Mu nan unguwa ƙwallon ƙafa muka sani. Besbol kuwa, wasan nan na Amurkawa da ake maka wa ƙwallo sanda a zagaya fili da gudu, sai dai mu gan shi a talabijin. Amma akwai wani fim da aka yi a kansa wanda yadda aka tace shi ya tsaya mana a rai.

A 1994 tashar PBS ta Amurka ta nuna fim ɗin tarihi mai suna Baseball, na Ken Burns. Kashi tara ne, daidai da zagaye tara na wasan, tsawonsa ya haura awa 18. Labarin ya faro tun ƙarni na 19, lokacin da babu hoto mai motsi, sai tsofaffin hotuna da jaridu. To, masu tacewa, ƙarƙashin jagorancin Paul Barnes, sai suka riƙa jan kyamara a hankali a kan hoto ɗaya, ta matso kan ido ko hannu, a ɗora murya da kiɗa, har ka ji kamar mai hoton zai yi magana.

Babban aikin dai shi ne zaɓe: wa zai shiga, wa za a yanke? Shekara da shekaru an hana baƙar fata buga babbar gasar ƙasar, har suka kafa tasu a 1920. Sai ranar 15 ga Afrilu, 1947 Jackie Robinson ya fara buga wa Brooklyn Dodgers. Masu fim ɗin suka ba wannan labari fili sosai, suka bar wani dattijo, Buck O'Neil, tsohon ɗan wasan Kansas City Monarchs, ya yi ta ba da labarin zamaninsu. Yana da shekara 82 Amurka ta san shi. Da an datse hirarsa fa, shi ke nan, da yawancin masu kallo ba su ji wannan tarihi daga bakin wanda ya gani ba.

Duk da haka ba su tsira daga ƙorafi ba. An ce sun fifita ƙungiyoyin New York da Boston, sun tsuke labarin 'yan wasan Latin Amurka. Kun ga ko awa 18 ba ta ɗauke kowa.

Mu ma ai muna da irin su O'Neil. Dattawan da iyayensu suka zo Kudu fataucin goro da shanu suna nan zaune ƙofar masallaci, hotunansu na cikin akwati, asu na ci. Wayoyinmu kuwa cike suke da bidiyon biki da suna. Matasanmu da suka iya tace bidiyo, don Allah ku ware ko awa guda ku zauna da Baba ko Inna, ku kunna kyamara, ku bar su su yi magana. In kun zo yanka kuma, ku tuna da mata masu tuwo da 'yan dako, kada fim ya ƙare kan masu sarauta kaɗai.