Roba-Roba Ma Babur Ne

Ku yi mini afuwa, wannan makon na ɗan jingine labarin soyayya, zan yi magana a kan babur. Mu marubutan da ake wa laƙabi da na Adabin Kasuwar Kano mun saba ɗora jarumin littafi a kan Marsandi mai baƙin gilashi, ya tsaya ƙofar gidan su yarinya yana danna hon. Ban taɓa karanta littafin da jarumi ya zo zance a kan roba-roba ba, alhali yawancin masu sayen littattafan namu ko roba-robar ba su mallaka ba. To yau ita zan kare.

Ni mutumin Sunke ne, wani ƙauye a ƙasar Anka ta jihar Zamfara. Duk wanda ya san yankinmu, daga Anka zuwa Bukkuyum har Gummi, ya san babur ne ƙafar talaka. Da ka bar kwalta sai yashi da kwazazzabo, da damina kuwa sai taɓo. A kan babur ake kai mai naƙuda asibiti, a kansa ake kai buhun dawa kasuwa, a kansa ɗan kabu-kabu ke neman na cefane. Lokacin da zinare ya buɗe a wajenmu, duk saurayin da ya samu kuɗi babur yake fara saya, kuma a bayan baburan nan aka riƙa shigo da buhunan duwatsu cikin gidaje ana daka su. Abin da ya biyo baya kowa ya ji shi: gubar dalmar 2010, wadda ta kashe yara kusan 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Sunke ɗinmu, har sai da likitocin ƙungiyar MSF suka zo suka zauna. Daga baya ɓarayin daji suka mai da babur dokinsu. Shi ya sa a wajenmu sayen babur ya wuce maganar kuɗi da launi, yana taɓa rai.

Ina da ƙanwa, mijinta ya rasu, rashin tsaro ya taso ta da 'ya'yanta daga ƙauye suka dawo cikin garin Anka. Babban ɗanta ya cika shekara 18, ya gama sakandare, yana koyon gyaran waya a wani shago. Ta sayar da awakinta, ta haɗa da kwasar adashe, ni ma na ɗora abin da ya samu daga cinikin littafi, aka ce a saya masa abin hawa don zuwa shago da kai ta asibiti, da yake tana fama da hawan jini. Zaɓin kuma aka bar mini, tunda ni ne kawu. Yaron bai taɓa tuƙa komai ba sai keke, amma da na tambaye shi sai ya ce, "Kawu, ni dai Honda 125 nake so, in ba ta samu ba a saya mini Boxer. Roba-roba ai ta mata ce da malaman firamare."

Ban yi masa faɗa ba, domin na san abin da ke cikin ransa. Saurayi yana son babur mai ƙara, wanda idan ya murɗa totur 'yan majalisa za su waiwayo. Sai na ja shi muka je wajen wani tsohon bakanike da ya daɗe yana gyaran babura a garin. Dattijon bai tambayi kuɗinmu ba, yaron ya kalla sama da ƙasa, sannan ya ce, "Malam, a bar shi ya hau mu gani." Ya sa shi ya zauna a kan wata Boxer da aka kawo gyara, sai ga shi yatsun ƙafa kawai ke taɓa ƙasa. Ya sa aka kwantar da ita ya ce ya tayar, da ƙyar ya tayar yana nishi. Ya ce ya tura ta zuwa gindin wata darbejiya ya dawo kamar mai ya ƙare masa. Sannan aka maimaita duka uku da roba-roba, yaron ya yi su yana dariya. Bakaniken ya ce, "Ka gani ko, ɗana? Babur ɗin da ba ka iya tayarwa idan ya faɗi, shi ke tuƙa ka."

Akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Boxer ɗin da 'yan kabu-kabu suka fi hawa, ta kamfanin Bajaj na Indiya, injinta 100 ne, yawancin roba-roba kuwa irin su Jincheng da Lifan 110 ne. Ke nan lambar inji ba ta gaya maka komai game da sauƙin koyo. Bambancin yana wajen tsayi da nauyi da kuloci. Roba-roba ba ta da kulocin hannu, ka sassauta totur ka taka giya, shi ke nan. Ɗan koyo yana da abubuwa da yawa a kansa lokaci guda: hanya, birki, akuyar da za ta gilma, yaron da zai fito da gudu daga lungu. Idan aka rage masa kuloci an sauke masa rabin kaya. Sau da yawa faɗuwar farko ta ɗan koyo daga sakin kuloci da ƙarfi take, babur ya zabura da shi ya nufi katanga. Kuma wannan ƙira da muke rainawa tana da asali, daga Honda Super Cub aka kwaikwayo ta, wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1958, zuwa 2017 an ƙera guda miliyan 100. Da abin banza ce da duniya ba ta saye ta haka ba.

Dalili na biyu shi ne wanda ya fi hana ni barci. Babur mai ƙarfi da gudu shi ɓarayin daji ke so, domin yana ɗaukar mutum biyu ko uku ya keta daji da su. Saurayin da ya hau irinsa a yankinmu yana tsakanin wuta biyu: ɓarawo ya gan shi ya yi sha'awar babur ɗin, mai tsaro ya gan shi ya yi shakkar mahayin. Mun ga yadda hukuma ke kallon babur idan al'amari ya ɓaci. A Kano an hana acaɓa a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero. A Zamfara kuwa, a Satumbar 2021, zamanin Gwamna Bello Matawalle, an rufe kasuwannin mako, an taƙaita sayar da fetur da hawan babur, har layukan waya aka katse. Roba-roba ba ta tsole wa kowa ido. Raininta da ake yi shi ne rigar sulkenta, kuma ni na fi son a raina ɗan ƙanwata ya dawo gida da a yaba shi a hanya a kawo mana labari.

Kada mai karatu ya ce na ɓoye aibinta. Roba-roba ba ta son kaya mai nauyi, ba za ka ɗora mata buhu biyu ka nufi Bagega da damina ba. Cikinta yana kusa da ƙasa, robobinta suna fashewa idan ta sha faɗuwa. Wanda zai yi kabu-kabu ko fataucin hatsi tsakanin ƙauyuka, Boxer ce tasa, babu musu. Amma yaronmu shago zai je, ya kai mahaifiyarsa asibiti, ya ɗebo ruwa jarka biyu. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ga kuma tsadar mai tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, wanda ke koyon sana'a bai da kuɗin ƙona fetur don burge majalisa.

Mun sayi ta hannu, mai ɗan sauran ƙarfi, saboda ɗan koyo sai ya kayar da babur, gara ya kayar da wanda ba za a yi kuka a kansa ba. Amma sai da na tsaya a kan takardu: rasit na asali, da lambar inji da ta jikin ƙarfe su yi daidai da abin da ke rubuce, da shaidu biyu da suka san mai sayarwa. Baburan sata suna yawo a kasuwanni, kuma araha ba ta ado idan 'yan sanda suka tare ka. Bakaniken ya duba birki da taya da sarƙa, ya juye baƙin mai, ya tabbatar mana kayan gyaranta akwai su a Anka ba sai an aika Gusau ba. Na haɗa masa da hular kwano ta gaske. Masu shekaru za su tuna 2009, lokacin da hukumar kiyaye haɗura ta tilasta sa hular, wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka. Abin ya ba da dariya, amma kwalta ba ta san wasa ba.

Sati biyu ya yi yana zagaya filin ƙwallo da sassafe kafin a bar shi ya hau titi. Dokokin da na kafa masa uku ne: ba goyo sai ya yi wata guda, ba fita bayan magariba, kuma a cikin yashi kada ya damƙe birkin gaba, ya sauko giya ya bi a hankali. Abokansa sun tsokane shi, ya yi kwana biyu yana kumbure-kumbure, amma ranar da ya fara kai mahaifiyarsa asibiti da kansa ita ta kira ni tana sa albarka.

Iyaye da kawunnai masu irin wannan nauyi, ku auna babur da ƙafar yaro da hanyar da zai bi da idanun da za su kalle shi, kada ku auna shi da bakin abokansa. Babban babur yana nan ba inda zai je, idan hannu ya faɗa sai a canza. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu a kan hanya, ya dawo wa Zamfara da zaman lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.