Mukulli ɗaya, ƙofa goma

Makon jiya ƙanwata ta kira ni bayan isha'i tana kuka. Wai Goggo ta bugo mata tana tambayar a wane asibiti aka kwantar da ita, alhali lafiyarta ƙalau, tana gida. Ashe wani ne ya shige mata Facebook, ya canza kalmar sirri da lambar waya, ya bi dangi ɗaya bayan ɗaya da saƙon neman taimako, har da lambar asusun da za a tura kuɗi. Kafin gari ya waye mutum uku sun tura. Abin da take ta maimaitawa shi ne, "Yaya, wallahi ban taɓa ba kowa kalmar sirrina ba."

Na yarda da ita, domin ba a wurinta aka karɓa ba, a kwamfutarta aka ɗauka. Watannin baya ta kai ta wurin wani mai gyara a kasuwa, ya sa mata manhajar tace hotuna irin wadda aka fasa, wadda ba a biyan ko sisi. A cikinta aka cusa wata ɓarauniyar manhaja. Irin wannan ba ta lalata komai, shi ya sa mai kwamfuta ba ya farga. Tana shiga burauza ta kwashe duk kalmomin sirrin da aka taɓa ce wa "adana", ta haɗa da bayanan katin banki, da 'yan alamomin da ke sa shafi ya gane ka ba sai ka sake shiga ba, ta aika wa ubangidanta. Daga nan a kai kasuwar ɓarayi a sayar wa mai so. Wanda ya yi wa Goggo ƙarya wataƙila saye kawai ya yi.

A watan Mayun 2025 kamfanin Microsoft ya ce ɗaya daga cikin irin waɗannan manhajoji, mai suna Lumma, ta kama kwamfutoci sama da 394,000 a faɗin duniya cikin wata biyu kacal. Guda ɗaya ke nan fa.

Amma abin da ya fi ci min rai daban ne. Kalmar sirrin Facebook ɗinta ita ce ta imel ɗinta, ita ce ta Instagram: sunan ɗanta na fari da shekarar haihuwarsa. Kuma na san da yawa daga masu karanta wannan haka suke, ba don sakaci ba, sai don wuyar riƙe kalmomi goma a ka. To ɓarawo ya san da haka. In ya samu mukulli ɗaya, kwamfuta yake ba wa ta gwada masa shi a kowace ƙofa.

Kuma mukullin da aka sace ba ya tsufa. An yi wa LinkedIn kutse a 2012, amma sai a 2016 aka fito da bayanan mutum sama da miliyan 100 ana sayarwa, kuma a shekarar aka shige wa Mark Zuckerberg, mai Facebook da kansa, asusunsa na Twitter da Pinterest, da kalmar sirrin da aka ce daga wannan kutsen ta fito. A Mayun 2021 aka yi wa kamfanin Colonial Pipeline na Amurka kutse, ya rufe bututun mansa na kwanaki, gidajen mai suka ƙafe a jihohi da dama, ya biya fansar kusan dala miliyan 4.4. Ta ina aka shiga? Ta wani tsohon asusu da aka daina amfani da shi, kalmar sirrinsa ta fita, kuma babu mataki na biyu na tantancewa. In kamfani mai wannan ƙarfi ya faɗi a kan kalma ɗaya, ina ga mai sayar da atamfa ta WhatsApp, wadda jarinta da amanar abokan cinikinta duk suna cikin waya?

Mun yi sa'a an dawo da asusun ƙanwata bayan kwana huɗu. Kuɗin dai sun tafi. Sai da muka wanke kwamfutar tas kafin mu canza komai, don in ka canza kalmar sirri a kan na'urar da ɓarauniyar ke ciki, sabuwar ma za ta ɗauke. Da imel muka fara, domin nan ake aiko saƙon sake kalmar sirrin sauran, sannan muka fitar da duk na'urorin da ke cikin kowane asusu.

Akwai shafi na kyauta mai suna Have I Been Pwned, wanda wani ɗan Ostireliya, Troy Hunt, ya buɗe a 2013. Ka sa adireshin imel ɗinka, ya nuna maka kutsen da bayananka suka fita a ciki. Na gwada nawa, na same shi a wuri biyu.

Don Allah 'yan uwa, kafin ku kwanta yau ku ba imel ɗinku kalmar sirri tasa shi kaɗai, ku kunna tantancewa mai mataki biyu a imel da WhatsApp da Facebook, ku bar manhajar da aka fasa komai araharta. Iyayenmu da ba su iya ba, a zauna kusa da su a yi musu. In kuma saƙon neman kuɗi ya zo da sunana, ku kira ni ku ji muryata tukuna.