Hunturu Ma Jari Ne: Darasi Daga Wani Garin Italiya

A arewacin Italiya, cikin tsaunukan Alps kusa da iyakar Suwizalan, akwai wani tsohon gari mai suna Bormio, wanda mazaunansa ba su wuce dubu huɗu da 'yan kai ba. Tun zamanin Rumawa aka san shi da maɓuɓɓugan ruwan zafi, kuma ya daɗe yana zangon fatake masu ƙetara duwatsu da haja. Da hanyoyin fatauci suka sauya, sai ya juya ga dusar ƙanƙarar da ke lulluɓe shi watanni, ya mai da ita jari. Ya karɓi gasar duniya ta zamiyar ƙanƙara a 1985 da 2005, aka kuma zaɓe shi cikin wuraren wasannin Olamfik na hunturu na 2026. Duk da haka mutanensa ba su rushe tsohuwar unguwarsu mai hasumiyoyi da lungunan dutse ba. Baƙo ya wuni a kan tsauni, ya kwana a cikin tarihi.

Mu a Kano hunturu abin haƙuri muka ɗauke shi. A unguwarmu ta Kaura Goje, da zarar Disamba ta kama, ba ka jin komai sai kukan kaushi da mura da hazo. Alhali kuwa shi ne lokacin da mutum zai hau Dutsen Dala da rana tsaka ba tare da zafin Afrilu ya gasa shi ba. Amfanin gona ya shigo gida, kuma tun kaka da kakanni a wannan lokaci ake buɗe fagen dambe da kokawa. Hawan Sallah, wanda UNESCO ta sanya cikin al'adun gado na duniya a 2024, kwanaki ne ƙalilan, kuma yana matsawa da kimanin kwana 11 kowace shekara. Hunturu kuwa ba ya saɓa alkawari, don haka mai otal da marini da mai sayar da kilishi za su iya yin shiri a kansa.

Abin da ke damuna shi ne, kafin mu farga, abin nunawar zai ƙare. Gidaje sun yi wa Dala ƙawanya, zaizaya na cin gefensa. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya aza harsashinta wajen ƙarni na 12 ta shiga jerin wucin gadi na UNESCO tun 2007, amma kullum ƙara zubewa take yi, shaguna na maye gurbinta. Nakan tambayi ɗalibaina wa ya taɓa hawa Dala. Hannayen da ake ɗagawa ba su cika biyar ba, kuma yawancin ajin haifaffun birni ne.

Wani zai ce hazo kan hana jirage sauka. Gaskiya ne, amma baƙinmu na farko ba Turawa ba ne. 'Yan makarantar Katsina da Zariya da Maraɗi ne, waɗanda mota za ta kawo su a hutun ƙarshen shekara. A ware mako guda tsayayye: safiya a Dala, hantsi a Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata, la'asar a Kasuwar Kurmi, yamma a fagen dambe. Sai dai kafin a buga ganga, wajibi ne hukuma da masarauta su tsayar da cin ganuwa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Marubucin malamin jami'a ne, ya rubuto daga Kaura Goje, Kano.