Hannu Ya Fi Ido Gani

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, zan ba ku labarin abin da ya same ni ranar da na je sayen mota, ko wani ya ƙaru.

Bayan na yi shekara shida ina koyarwa a Bauchi ina tara 'yan kuɗina, sai wani dillali ya kai ni Shadawanka, kusa da barikin soja, ya nuna mini wata Peugeot 504, irin waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna a shekarar 1975. Fara ce fat, fentinta na ɗaukar ido. Nan take na ba da kafin alƙalami, ban ko sa an buɗe bonet ba.

Da na gaya wa wani tsohon makaniki, abokin mahaifina, sai ya ce, "Malam, cinikin biri a sama ka yi. Ka ce musu kada su tayar da ita, gobe da asuba za mu je."

Lokacin hunturu ne, sanyi har cikin ƙashi. Muna isa Baba ya ɗora tafinsa a kan inji, ya dube ni, ya ce in taɓa. Na ji ɗumi. Dillali kuwa ya rantse tun jiya ba a taɓa ta ba. Baba ya ce, "Ƙarfen da ya kwana cikin wannan sanyi ba ya ɗumi. Injin da ya gaji da safe ya ke tona asirin kansa, shi ya sa aka riga mu."

Muka zauna har ya huce. Sa'an nan ya zaro gejin mai, ya murza baƙin man tsakanin yatsunsa, ya sa ni na murza. Na ji tsaki-tsaki kamar rairayi. Watau ƙarfe na cin ƙarfe a ciki. Ya kwance murfin mai, sai ga wani farin abu a gindinsa kamar kindirmo. Ya ce sau da yawa wannan alama ce ta gaskit ya ƙone, ruwa na haɗuwa da mai. Ya zagaya baya ya zura yatsa cikin salansa. Busasshen baƙi da sauƙi, in ji shi, fetur ne ya yi yawa, a gyara kafireto. Amma yatsansa da maiƙo ya fito, inji na shan mai ke nan.

Ya buɗe lagireto, ya gargaɗe ni kada in kuskura in yi haka in inji na da zafi, ruwan zai ƙona ni. Aka tayar da mota. Ruwa ya shiga kumfa, shuɗin hayaƙi ya turnuƙe bayanta. Baba ya kara tafinsa a bakin zuba mai, iska na bugunsa fuf, fuf. Ya ce ringin fistin ya cinye, wannan ko Jos ba za ta kai ni ba.

Na ce, "Baba, to, kuɗin da na bayar fa?"

Ya ce, "Kuɗin makaranta ka biya."

Haka na bar su. Sauran guzurina na shekara shida kuwa ya tsira.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, ni ne na sha zana wa yara yadda fistin ke aiki a kan allo, da bugunsa huɗu, shan iska da mai, matsewa, fashewa, da fitar da hayaƙi. Baba bai taɓa shiga aji ba, amma ni da alli na sani, shi da yatsa. Mako na zagayowa na roƙi tsohon fistin da filogi a garejinsa, na kai aji, kowane yaro ya taɓa. To, ku da za ku fita koyarwa, in abu na taɓuwa, kada ku tsaya ga zane, ku sa shi a hannun yaro.