Miyarmu Daga Tsibiri Take Zuwa

Wannan makon ni aka ba wa alƙalami, kuma zan yi magana ne a kan tsibirai. Na san wani zai ce me ya haɗa ɗan Fagge da tsibiri, mu da ruwanmu bai wuce na 'yan garuwa ba. Amsar tana cikin tukunyar gidajenmu. Kano ba ta da tsibiri, amma ta daɗe tana ci daga tsibiran da yawancinmu ba mu taɓa gani ba, kuma duk abin da ya taɓa su sai ya iso mana ta bakin aljihu.

Wanda ya san Bata ya san cewa daga shataletalen, in ka miƙa ta 'Yankura ka nufi Galadima, hancinka ne zai riga idonka sanin ka shigo layin masu banda. Kwalaye ne jere, an ɗaure su da igiya, kowanne da alamar mai shi. A ciki akwai tarwaɗa da aka lanƙwasa, da karfasa, da kurungu, wani lokacin har giwan ruwa. Kaso mai yawa na irin wannan kifi daga Tafkin Chadi yake fitowa, kuma sunan da 'yan kasuwa suka fi kira shi ne Baga, garin da ke kusan kilomita 200 arewa maso gabas da Maiduguri. Amma Baga wurin lodi ce. Ainihin kamun ana yin sa ne a cikin tafki, a tsibiran da mutanen can ke kira tumbu. Dubi sunayen wasu daga cikinsu: Tumbun Rago, Tumbun Gini, Daban Masara. Sunayen kaɗai sun isa su nuna maka cewa Bahaushe ya zauna a wurin, ya kafa bukka, ya yi banda. Masunta daga ƙasar Kabi da Haɗeja da sauran wurare sun bi kifi har can, sun tarar da Barebari da Buduma, waɗanda su ne 'yan asalin tsibiran.

Kafin a gane abin da ya sami waɗannan wurare, sai an san yadda tafkin yake. Faɗi gare shi, ba shi da zurfi. A wurare da yawa ruwan bai wuce tsayin mutum ɗaya ko biyu ba. Don haka in ya ja baya da kamu kaɗan, sai fili mai girman gaske ya fito. Yawancin tsibiran ɓangaren gabas tuddan yashi ne da ruwa ya zo ya kewaye, ya bar kawunansu a waje. Akwai kuma wasu da ba ƙasa ba ce ma, dunƙulen ciyawa ne da saiwoyi da suka sarƙe suna yawo a kan ruwa, iska na kora su, ana kiran su kirta. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan tafkin daga kogunan Shari da Logon yake zuwa, ta kudu, daga Afirka ta Tsakiya da Kamaru da Chadi. Tafkin ba shi da kogin da yake fitar da ruwansa zuwa teku, amma duk da haka ruwan bai zama na gishiri ba, domin wani sashi nasa yana tsiyayewa ta ƙarƙashin ƙasa ya tafi da gishirin.

Masana muhalli suna da wani zance da suka yawaita yi tun bayan babban rahoton da aka fitar a 2005 ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. A Hausance zan kira shi hidimar da halitta ke yi wa ɗan Adam ba tare da ta karɓi lada ba. A tsibirin tafki ana ganin wannan hidima ƙiri-ƙiri. Ciyawar da ke bakin ruwa ita ce ɗakin haihuwar kifi, a nan yake zuba ƙwai, a nan 'ya'yan ke ɓuya har su yi ƙwari. Ita ce kuma ke tace laka, take karya ƙarfin igiyar ruwa kada ta zaizaye gaɓa. Idan ruwa ya ja da rani, yana barin ƙasa mai danshi da taki, a shuka masara da wake ba ban-ruwa, ba takin zamani. Makiyayi ya sami ɗanyar ciyawa a lokacin da ko'ina ya bushe. Buduma suna da irin shanunsu da ake kira kuri, farare masu manyan ƙahoni kumburarru, waɗanda ke iyo daga wannan tsibiri zuwa wancan neman kiwo. Da can da ciyawar tafkin suke ɗaura jiragensu, kuma su ne ke tsallako da kanwa daga gabashin tafki zuwa gaɓar Barno, daga nan fatake su kawo ta kasuwanni irin su Kurmi. Sannan ruwan da ya kewaye tsibiri katanga ce. Shekaru aru-aru Buduma suka yi mahara ba sa iya cim musu cikin sauƙi, saboda doki ba ya taka ruwa.

Ba wanda ya taɓa rubuta wa tafki rasit a kan ɗaya daga cikin waɗannan. Shi ya sa in za a yi lissafin wani babban aiki, ba a sa su a ciki.

A farkon shekarun 1960 faɗin ruwan ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. A 1964 ne Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa Hukumar Tafkin Chadi. Sai farin 1972 zuwa 1974 ya zo, tafkin ya rabu biyu, kwarin arewa da kwarin kudu. Farin 1983 zuwa 1984 ya ƙara dannawa, har sararin ruwan ya koma ƙasa da murabba'in kilomita 2,000, kwarin arewa kuwa akwai shekarun da ya ƙafe ƙurmus. Tsibirai da yawa suka wayi gari a haɗe da tudu. Wurin da sai da jirgi ake zuwa, mota ta fara shiga. Baga da take bakin ruwa ta tsinci kanta da nisa daga gaɓa, aka riƙa bin ruwan da kwata sabuwa.

Abin da ya fi ba ni tunani shi ne yadda talaka da gwamnati suka karɓi wannan canji ta hanya daban-daban. Gwamnati ta zuba kuɗi a babban aikin noman rani na Kudancin Chadi a yankin Marte, aka haƙa magudanai don jawo ruwa daga tafki, aka buɗe a 1979. Cikin 'yan shekaru ruwan ya janye ya bar bakin magudanar a bushe. Shi kuwa masunci da ya ga ƙasan tafki ya fito, sai ya ajiye kalli ya ɗauki fartanya. Idan ruwa ya dawo ya koma su. Mutum ɗaya ya zama masunci, manomi, mai kiwo, gwargwadon inda ruwa ya tsaya a shekarar. Mutanen tumbu sun san ba a yi wa tafkin nan shinge a ce masa tsaya nan.

Amma bin ruwa ya zo da rigimarsa. Masuntan Najeriya sun yi ta bin gaɓa tana matsawa, har suka kafa garuruwa irin su Darak a wurin da taswira ta ce Kamaru ce. Hukumomin Najeriya suka bi su da makaranta da 'yan sanda da haraji. Ranar 10 ga Oktoba 2002 Kotun Duniya da ke birnin Heg ta yanke hukunci, a shari'a guda da ta Bakasi, cewa yankin na Kamaru ne. A Disamba 2003 aka miƙa ƙauyuka fiye da 30. Mutumin da bai yi komai ba illa bin kifi, ya kwana a ƙasa ɗaya ya tashi a wata.

Sai kuma masifar da duk muka sani. Inda ruwa ya ja ya bar fadama, ciyayi da itatuwa masu ƙaya suka cika wurin, suka zama duhuwa mai wuyar shiga. Kariyar da tsibiri ke ba mai gaskiya, ita ce ya ba ɗan bindiga. A Janairu 2015 'yan Boko Haram suka afka wa Baga da Doron Baga suka yi kisan da ya girgiza duniya. Bayan harin tsibirin Karamga a Afrilu na wannan shekara, hukumomin Nijar suka umarci mazauna tsibiransu su fice, dubban mutane suka taka da ƙafa cikin zafin bazara. Aka sa takunkumi a kan safarar kifi a ɓangarorin biyu, don kada kuɗin ya shiga hannun 'yan bindiga, su kuma 'yan bindigar suka ɗora wa masunta nasu harajin.

Akwai wani dattijo a layin masu banda da mahaifiyata ke aikena wurinsa tun ina firamare. Baba nake ce masa. Ya yi shekaru yana zuwa Baga da kansa kafin hanya ta lalace. Ya taɓa zaunar da ni ya lissafa min hannuwan da kwali ɗaya ke bi kafin ya iso gabansa: mai kamu, matar da ke banda, mai itace, mai jirgi, ɗan dako, dillali, direba. Ya ce, "Yaro, in ka ga kifi ya yi tsada, kada ka zagi mai tebur. Wani ne a cikin mutanen nan aka kora daga gidansa." A shekarun da hanya ta toshe na ga yadda kason da ake sayo mana ya riƙa ƙanƙancewa, har ya zama sai ranar Juma'a ake sa kifi a miyar kuka. A gidanmu rikicin tafki ya iso ne a matsayin miya lami.

Ina so mu kula da wani abu, musamman masu rubuta maƙala. Jimlar nan ta "Tafkin Chadi ya ƙafe da kashi 90 cikin 100" ta zama kamar karatun allo, kowa na maimaitawa. Gaskiya ce in an kwatanta shekarun 1960 da tsakiyar 1980. Amma hotunan tauraron ɗan Adam sun nuna cewa daga shekarun 1990 ruwan bai ci gaba da raguwa ba, wani sashi ma yana nan ɓoye a ƙarƙashin ciyayi. A 2022 da 2024 kuwa ambaliya ce ta kori mutane daga gonaki da gidaje a yankin. Matsalar mutumin tumbu a yau ita ce ya kasa sanin inda ruwa zai tsaya, kuma an hana shi 'yancin bin sa kamar yadda kakanninsa suka yi.

Mu Kanawa muna da hannu a labarin, ko da kaɗan ne. Kogin Kano da na Challawa su ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, wanda ke gamuwa da na Jama'are ya zama Komadugu Yobe, ya zuba a kwarin arewa na tafkin. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Sun ba mu ruwan sha da tumatirin Kadawa da shinkafar Kura, wannan ba abin musu ba ne. Amma sun rage ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru, kuma ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da dama a can. Ruwan Yobe ɗan kaɗan ne in an gwada shi da na Shari, sai dai ga wanda ke zaune a bakinsa, shi ne duka ruwan da yake da shi.

Kuma ba sai mun je Barno ba kafin mu ga ana korar ma'aikacin da ba ya karɓar albashi. Kududdufan Kano ramuka ne da aka haƙi ƙasar gini da ta badala, suka zama matattarar ruwan sama. Duk damina suna shanye abin da da zai shiga ɗakuna. Muna ji muna gani ana cike su da shara, a yanka filaye, a ɗora shaguna. Ruwan bai fasa zuwa ba, masaukinsa ne aka rushe. Shi ya sa ruwan sa'a ɗaya ke mayar da titunan Sabon Gari kogi, masu adaidaita sahu su kashe inji suna turawa, masu tebur a Bata su hau kan benci da kayansu, kowa a nasa ɗan tsibirin. A damunar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata atamfofi da yadudduka na maƙudan kuɗi. Sunan kasuwar ma ya riga ya faɗa mana wurin da aka gina ta: kwari ne, kuma ruwa ba ya mance hanyarsa.

To 'yan uwa, ga inda na dosa. Littattafanmu sun cika da falo da ƙofar gida da harabar jami'a. Jarumi zai ci tuwo da miyar kifi a shafi na goma, marubuci bai damu da inda kifin ya fito ba. Alhali ga labarai nan zube. Yarinyar da aka haifa a tsibiri, ta girma ta ga mota ta shigo garinsu. Dattijon da takardunsa na Najeriya ne, gonarsa ta koma Kamaru. Matar da sana'arta banda, aka kawo ta sansanin 'yan gudun hijira inda ko kududdufi babu. Dillalin Galadima da ya ba da kuɗin kaya, wayar mai kamu ta daina shiga. Wanda zai rubuta waɗannan sai ya san bambancin kalli da taru da mamari, ya san watan da ruwa ke cika da watan da yake ja, ya san abin da ciyawar bakin ruwa ke yi wa kifi. Waɗannan kuwa ba a ɗaki ake samun su ba.

Shawarata ga duk wanda zai iya: cikin makon nan ya zaɓi abu ɗaya da ke shiga tukunyar gidansu, kifi ne, kanwa ce, ko barkono, ya je wurin mai sayarwa ya gaishe shi da ladabi, ya tambaye shi daga ina, ta wace hanya, kuma me ya canja a shekara goma. Ya rubuto mana shafi ɗaya a kan abin da ya ji. Dattawan da suka san tumbu da idonsu suna nan da ransu a Galadima da 'Yankura, kuma ba kullum za su kasance ba.

Allah ya kawo zaman lafiya a Barno da Yobe da Diffa, ya mayar da kowa gidansa. Ina jiran gyaranku. Wassalam.