Marka da Ɗacin Darbejiya

Har yau idan marka ta kama, hancina yakan jiyo ganyen darbejiya da na gwanda suna tafasa a tukunyar ƙasa, ga hayaƙin ɓawon lemu da Inna take zubawa a kasko don korar sauro, ga kukan kwaɗi daga kududdufin bayan gida, aci-balbal kuma tana ta lumshe ido a kan dakali. Duk wanda masassara ta kayar a cikinmu, sai a lulluɓe shi da gwado a kan tukunyar sirace har gumi ya tsattsafo, sannan a ɗura masa jiƙo da ludayin duma. Ɗacin nan bai bar harshena ba.

Nakan yi mamakin yarinyar da nake a lokacin, wadda ta fi tsoron ƙaiƙayin kulorokwin a kan ciwon kansa, take ɓoye ƙwayar a ƙarƙashin tabarma. Ƙanenta ya soma da zafin jiki ranar kasuwa, da daddare ya shiga taune-taune, tsofaffi suka ce iska ce, aka yi ta turare da tofi. Kafin kasuwa ta zagayo an rufe shi.

Masu lamba sun zo garinmu, ga tabon nan a damtsena, amma ta agana ce. Ta zazzaɓin cizon sauro babu ita a lokacin. Ashe ƙwayar cutar ba ta zama wuri ɗaya, takan laɓe a hanta, ta sauya kama, ta fantsama cikin jini, garkuwar jiki ta rasa inda za ta kama ta. Tun 1987 masana suke fama da rigakafin RTS,S, sai a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi, bayan an yi wa yara a Ghana da Kenya da Malawi. R21 ya biyo baya a 2023, kuma a Disambar 2024 ya iso mana nan Kabi.

Na goya jikata zuwa asibiti tana da wata biyar, ta yi kukanta, ni ma na share nawa da bakin mayafi. Ma'aikaciyar ta ce allura huɗu ce, kuma ba ta hana ciwon ɗungurungum, rage shi take yi, don haka kada a naɗe gidan sauro. Ta huɗun ce take kuɓuce wa iyaye, saboda nisan hanya da hidimar gona.

'Ya'yana mata, ku adana katin rigakafin, ku koma har a cika ta huɗun. Mu ba mu samu ba, ku Allah Ya kawo muku.